TSARO DA SANI: DARASI GA ƊAN KASUWA MUSULMI A ZAMANIN SAUYE-SAUYE

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai rayawa, Mai ciyarwa, Mai raba arziki tsakanin bayinSa bisa hikimarSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), wanda mutanen Makka suka shaide shi da amana a cikin fatauci tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi kasuwa. Dalili kuwa shi ne, in muka dubi sahun masallatanmu na nan Kalley, za mu tarar mafi yawan masu salla ko dai ƴan kasuwa ne, ko yaran ƴan kasuwa, ko kuwa waɗanda tukunyar gidansu ba ta hawa murhu sai an yi ciniki a Babbar Kasuwa, ko Katako, ko Wadata. Akwai kuma wata tambaya da takan taso a majalisunmu bayan sallar Isha'i: me ya sa za a ga shaguna biyu a jere, haja iri ɗaya, jari kusan ɗaya, amma bayan shekara ashirin ɗaya ya haifi rassa, ɗayan kuwa har sunan mai shi an manta? Amsar da aka saba bayarwa ita ce, rabo ne. Haƙiƙa rabo ne, babu Musulmin da zai yi jayayya da haka. Sai dai Wanda Ya raba arzikin Shi ne kuma Ya umurce mu da riƙon sababi. Imamu Tirmizi ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah (S.A.W.) ko ya ɗaure raƙumarsa ne ko kuwa ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umurce shi da ya haɗa biyun. Wannan darasi bayani ne a kan igiyar da ɗan kasuwa zai ɗaure raƙumarsa da ita.

ABIN DA IDANUNMU SUKA GANI

Kafin mu shiga bayanin malamai, ya kamata mu tuna da abin da ya wuce a kan kasuwar Yamai cikin shekaru hamsin, domin dattawanmu da suka gan shi suna raye a cikinmu.

Daga tsakiyar shekarun 1970 kuɗin yuraniyom na Arlit suka shigo ƙasa, gine-gine suka tashi a Yamai, ma'aikata suka sami abin saye, kasuwa ta buɗe. Da yawa sun zaci haka za a dawwama. Da aka shiga shekarun 1980 farashin yuraniyom ya faɗi a duniya, sa'an nan farin 1984 ya biyo baya. A 1990 aka rufe bankin BDRN, wanda a da shi ne babban bankin raya ƙasa, saboda basussukan da aka ɗauka ba a biya ba. A tsakiyar wannan hali, a 1982, gobara ta cinye Babbar Kasuwa, ba a buɗe sabon gininta ba sai a 1987. Wuta ta sake kama ta a 2009, ita kuma Ƙaramar Kasuwa ta ƙone a 2012.

Kuɗin hannunmu ma bai tsira ba. Ran 12 ga Janairu 1994 aka wayi gari an karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da yake daidai da sefa 50 ya koma sefa 100. Ɗan kasuwar da ake binsa faran 10,000 a waje ya kwanta da bashin sefa 500,000, ya tashi da bashin miliyan ɗaya, ba tare da ya ƙara karɓar ko allura ba. Wanda kuma ya yi ɗokin sayar da tsohuwar haja a tsohon farashi, da ya je sari sai ya tarar kuɗin nasa rabin shago kaɗai za su cika.

Haka nan hanya. Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Afrilu 1984 zuwa Maris 1986, ta sake rufe su daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. A ƙarshen Yuli 2023 ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, gadar Gaya da Malanbil ta rufu, alhali ta nan ne mafi yawan kayan da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano suke shigowa. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, amma hanyar ba ta buɗe ba a lokacin, sai manyan motoci suka koma ɗauko kaya daga Lome, su ratso Burkina Faso ta Kaya da Dori, su shigo ta Tera da rakiyar soja, tafiya ta ƙaru, kuɗin dako ya ƙaru, kwanakin jira suka ƙaru.

Wanda ya yi nazarin wannan jeri zai ga cewa da wuya shekara goma ta wuce ba tare da wata girgiza ta sami kasuwa ba, ko ta wuta, ko ta kuɗi, ko ta iyaka. Saboda haka ɗan kasuwar da ya tsara al'amarinsa kamar gobe za ta zama irin yau, ya yi gini ne a kan abin da tarihin garinsa ya riga ya ƙaryata.

ASALIN DARASIN

Allah Ya ba mu labarin Annabi Yusufu (A.S.) a surar da aka sa wa sunansa. Sarkin Masar ya yi mafarki, Annabi Yusufu ya fassara shi da shekaru bakwai na yalwa waɗanda shekaru bakwai na tsanani za su biyo bayansu. Bai tsaya ga fassara ba, sai da ya ba da tsari, kamar yadda ya zo daga aya ta 47 zuwa ta 49: a yi noma ba fashi, a ci kaɗan, a bar sauran hatsin a cikin zangarniyarsa domin kada ya lalace, a kuma keɓe iri ko a cikin shekarun yunwa. Da ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasar, a aya ta 55, siffofi biyu ya ambata game da kansa: shi mai tsarewa ne, kuma masani ne.

A kan waɗannan siffofi biyu muka gina darasinmu. Tsaro shi ne kiyaye abin da ke hannu daga zubewa. Sani shi ne fahimtar hukuncin Allah a cikin ciniki, da fahimtar inda kasuwa ta dosa. Mai tsaro marar sani yakan rungume haja har zamaninta ya wuce ta zama kwantai. Mai sani marar tsaro kuwa yakan samu da yawa, amma tamkar mai ɗiban ruwa da kwando ne. Mu lura kuma da cewa a shekarun yalwa aka yi tanadin, lokacin da kowa yake ganin babu bukatarsa. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

KASHI NA FARKO: TSARO

Na ɗaya, raba uwar kuɗi da aljihun gida. Mafi yawan shagunan da suka mutu a gabanmu ba gobara ce ta ci su ba. An ci su ne da kaɗan-kaɗan, yau suna, gobe biki, jibi baƙo daga ƙauye, kowane daga akwatin shago ake ɗauka, ba a rubutawa. Ciyar da iyali wajibi ne, sada zumunci ibada ce, ba mu ce a bar ko ɗaya ba. Abin da muke cewa shi ne maigida ya yanka wa kansa abin da zai ɗauka kowane wata gwargwadon ribar da shagon yake kawowa, ya yi hidimarsa da kyautarsa a cikin wannan. In ya wuce haka, to ya sani iri yake ci, kuma manomin da ya ci iri ya san abin da damina za ta tarar.

Na biyu, rubutu. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, watau ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ta hana a ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba. Amma a kasuwarmu sai mutum ya ba da hajar miliyoyi a kan baki, in aka ce a rubuta sai a ce ana zargin juna. Wannan kunya ce da Shari'a ba ta san ta ba. Sahabbai sun fi mu amana, kuma su aka fara umurta da rubutun. Bayan kowace gobara ta kasuwa an ga rigingimun da suka kai gaban alƙali, domin mai bashi da wanda ake bi kowa da adadin da yake tunawa, littafin kuwa, in ma akwai shi, ya ƙone tare da haja. Saboda haka littafin bashi ya zama biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya sa ɗansa ɗan makaranta ya rubuta masa. Mai salula kuma yana iya ɗaukar hoton shafin kowane maraice.

Na uku, lissafin shekara. A nan akwai wata rahama da mutane da yawa ba su lura da ita ba. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Risala ta Ibnu Abi Zaid da Mukhtasar na Shehu Halilu, sun kasa ƴan kasuwa gida biyu game da zakka. Akwai mai jiran kasuwa, wanda yakan ajiye haja sai ta yi tsada ya sayar. Shi yana fitar da zakkar shekara ɗaya ne idan ya sayar. Akwai kuma mai jujjuya haja, wanda yake saye da sayarwa kullum, kamar mafi yawan masu shaguna. Shi wannan an wajabta masa ya tsai da wata guda a shekara, ya yi wa hajarsa kima da farashin ranar, ya haɗa da tsabar kuɗin hannunsa da basussukan da yake sa ran za a biya shi, in jimlar ta kai nisabi, watau dinari 20, kimanin giram 85 na zinariya, ya fitar da ɗaya bisa arba'in. Kanta da sikeli da motar dako ba sa shiga lissafin.

Alal misali, mai shagon atamfa ya kimanta hajarsa ta kai sefa 6,000,000, yana da tsaba 1,500,000, yana bin amintattun abokan ciniki 1,000,000, shi kuma ana binsa 2,500,000 kuma ba shi da wata kadara da za ta tsaya a madadin bashin. Abin da ya rage 6,000,000 ne, zakkarsa 150,000. To, wanda ya yi wannan lissafi bana, ya sake yin sa baɗi, ya sami abin da manyan kamfanoni suke biyan akantoci domin su samu: ya san ko dukiyarsa gaba take yi ko baya, ya san hajar da ta kwana shekara ba ta motsa ba, ya san bashin da ya mutu. Wanda yake fitar da zakka da ƙiyasi kuwa ya yi hasara biyu, bai tabbatar ya sauke farilla ba, kuma bai san halin da shagonsa yake ciki ba.

Na huɗu, ajiya domin ranar tsanani. Wasu suna ganin tanadi rashin tawakkali ne. Ya tabbata a cikin Bukhari cewa Manzon Allah (S.A.W.) yakan keɓe wa iyalinsa abincin shekara guda, kuma babu wanda ya kai shi tawakkali. Ɗan kasuwa ya ware wani kaso na ribar kowace shekara mai kyau wanda ba zai mai da shi haja ba. Kada kuma ya tara dukkan hajarsa a rufi ɗaya. Wanda yake da ɗakin ajiya a wajen kasuwa a 1982 ko 2009 ya sami abin da ya sake farawa da shi. Game da taimakon juna kuwa, Annabi (S.A.W.) ya yabi Ash'arawa saboda in abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannun kowa su raba daidai. Babu abin da zai hana ƴan layi ɗaya a kasuwa su kafa asusu da suke zuba wani abu sananne kowane wata, da amintattu uku masu riƙe shi da littafi a bayyane, domin tallafa wa wanda gobara ko ɓarayi suka durƙusar. Mun iya adashi domin biki, ba zai gagare mu domin wannan ba.

KASHI NA BIYU: SANI

Farkon sani shi ne sanin halal da haram. An ruwaito daga Sayyidina Umar (R.A.) cewa ya hana wanda bai fahimci addini ba yin ciniki a kasuwar Musulmi. Wajibi ne ɗan kasuwa ya san kuɗin ruwa da dukkan rigunan da yake sakawa, ya san hukuncin sayar da abin da bai mallaka ba, da tauye mudu, da ɓoye aibi. Imamu Muslim ya kawo labarin ranar da Annabi (S.A.W.) ya cusa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi a kan algus. Ya kuma tabbata cewa masu ciniki biyu in suka yi gaskiya suka bayyana, ana sa albarka a cinikinsu, in suka ɓoye suka yi ƙarya ana shafe ta. Ko ta fuskar kasuwa kaɗai aka duba, wanda aka cuta sau ɗaya ba ya dawowa, kuma ba ya yin shiru.

Sani na biyu shi ne sanin inda kasuwa ta dosa. Abdurrahman ɗan Aufu (R.A.) ya iso Madina ba shi da komai. Ɗan'uwansa na Ansar, Sa'adu ɗan Rabi'u (R.A.), ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, sai ya yi masa addu'a, ya nemi a nuna masa kasuwa kawai. Ya shiga kasuwar da bai sani ba, a garin da ba nasa ba, ya fara da cuku da man shanu, daga baya ya zama cikin mafiya dukiyar sahabbai. Jarin da ya yi hijira da shi shi ne iya ciniki da gaskiya.

A ƙasar Hausa ma muna da misali. Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya tashi cikin fataucin goro na Gwanja, irin na ayari da jakuna. Da ya ga jiragen ruwa suna zirga-zirga a gaɓar teku, sai ya riƙa ɗora goronsa a kansu zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya fara aiki zuwa Kano a 1912 gyaɗa ta sami kasuwa, sai ya juya gare ta, ya zama babban mai sayenta, yana ba wakilansa kuɗi su shiga ƙauyuka. Ya rasu a 1955, gidan kasuwancin da ya kafa bai bi shi kabari ba. Haka Alhazan Maraɗi: da gyaɗa da fatu da yawansu suka tashi, da farin 1973 da 1974 ya karya noman gyaɗa sai masu hangen nesa a cikinsu suka koma ga cinikin hatsi, da sufuri, da kayan da ke ratsawa zuwa Nijeriya. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

A zamaninmu sauyin ya fi sauri. Ɗan kasuwar da a da sai ya ɗaure kuɗi a ƙugu ya hau mota zuwa Maraɗi ko Agadas, yau yana aikawa ta Nita ko Al Izza cikin mintoci. Hajar Dubai da ta Sin ana ganin hotonta a salula kafin ta bar can, kuma mai saye ma yana ganin farashin, saboda haka ribar da ake ci a kan jahilcin mai saye tana ƙarewa. Abin da ya kamata kowane maigida ya tambayi kansa sau ɗaya a shekara shi ne: in hanyar da kayana suke biyowa ta rufu gobe, ta ina zan bi? In mutum ɗayan da nake sari a wurinsa ya karye, wa na sani bayansa? In naira ta faɗi ko ta tashi, me zai sami hajar da ke hannuna? Wanda ya ƙulla hulɗa da Lome tun Kwatano tana buɗe bai sha wuyar da maƙwabcinsa ya sha a 2023 ba.

Sai dai akwai iyaka. Ba kowace ƙofa da ta buɗe ce Musulmi yake shiga ba. Rufe iyaka yakan kawo tsadar abinci, tsada kuma takan kira mutum zuwa ga ɓoye shinkafa da gero har talaka ya galabaita. Hadisin Muslim ya siffanta mai ɓoye abinci irin wannan da mai saɓo. Haka maganin jabu, da abin da wa'adinsa ya wuce aka sauya masa takarda, da abin maye. Dukiyar da ta ƙaru ta wannan hanya kumburi ne, kuma kumburi daban yake da ƙiba.

YADDA DUKIYA TAKE GIRMA

Musulunci bai so dukiya ta kwanta. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar (R.A.) ya yi umurni da a juya dukiyar marayu a kasuwa domin kada zakka ta cinye ta. Amma mutum ɗaya, kome ƙoƙarinsa, shago ɗaya yake iya zama a ciki. Girma ba ya samuwa sai da mutane, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Hanyar da Shari'a ta shimfiɗa domin haɗa mai kuɗi da mai ƙwazo ita ce ƙirali, wanda wasu malamai suke kira mudaraba. Irin wannan hulɗa ce aka san Nana Hadiza (R.A.) da ita, tana ba amintattu dukiyarta su yi fatauci, har ta ba Annabi (S.A.W.) ya tafi Sham tare da yaronta Maisara. Sharuɗɗansa a wurin malamanmu su ne: jarin ya zama kuɗi sananne da aka miƙa, rabon riba ya zama kaso, kamar rabi ko sulusi, wanda aka ambata tun farko, in an faɗi ba tare da sakaci ko ƙetare sharaɗi ba, hasarar tana kan mai kuɗi, shi kuma mai juyawa ya yi hasarar wahalarsa, ba a raba riba sai uwar kuɗi ta cika. Idan maigida ya ba yaronsa sefa 2,000,000 a kan rabi da rabi, shekara ta zagayo aka sami ribar 400,000, kowa ya ɗauki 200,000. Amma in ya ce masa kowane wata ka kawo mini 50,000, ka ci riba ko ka faɗi, kuma jarina yana wuyanka, to wannan ya fita daga ƙirali ya shiga kuɗin ruwa, ko da an kira shi taimako.

A nan ne muke jan hankalin iyayen gida game da yaran shago. Al'adar kasuwarmu tun kakanni ita ce yaro ya yi wa maigida hidima shekaru, ya koyi haja da mutane, sa'an nan a yi masa aure a sallame shi da jari. Da wannan al'ada gidajen fatauci suka yi rassa daga Kano har Kumasi. Yau ana samun wanda zai riƙe yaro shekara goma sha biyar, babu albashi sananne, babu ranar sallama, sa'an nan ya yi mamaki in ya ga akwati yana raguwa. A yanka wa yaro haƙƙinsa a fili, a gaya masa wa'adinsa, a koya masa lissafi, a nuna masa inda ake sari. Yaron da aka sallama da alheri reshe ne na gidan, wanda ya gudu da ɓacin rai kuwa kishiya ce da maigida ya rena da hannunsa. Su ma yaran su ji tsoron Allah, su sani amana ce a hannunsu, kuma da ita za a auna su ranar da za su nemi wani ya ba su jari.

Kada kuma a yi gaggawar faɗaɗawa da bashi. Reshe na biyu ana buɗe shi ne idan na farko ya tsaya da ƙafarsa, kuma akwai amintaccen da zai zauna a ciki. Taura biyu ba ta taunuwa. Wanda kasuwancinsa ya kai ya yi hulɗa da banki ko duwan ko ma'aikatun gwamnati, ya yi rajistarsa, ya sami lambar haraji, ya rubuta yarjejeniyar tarayya da abokansa a gaban shaidu, domin takarda tana kare mai gaskiya ranar da aka yi saɓani.

RANAR DA BABU MAIGIDA

Girgiza ta ƙarshe, wadda babu shagon da zai kuɓuce mata, ita ce mutuwar mai shi. Sau nawa muka raka attajiri makwancinsa, kafin a yi sadakar arba'in an rufe shagunan, masu bin bashi sun yi layi, waɗanda ake bi sun ɓace, ƴaƴan ɗakuna sun daina gaisawa?

Bukhari ya kawo labarin Zubairu ɗan Awwamu (R.A.). Mutane sukan kawo masa ajiya, sai ya ce a mai da ita bashi a kansa domin yana tsoron ta salwanta. Kafin rasuwarsa ya kira ɗansa Abdullahi ya yi masa wasiyya a kan bashin. Da aka lissafa sai aka tarar ya kai 2,200,000. Abdullahi ya sayar da filin Gaba ya biya, sa'an nan ya ƙi raba gado har sai da ya yi shela a lokacin aikin Hajji shekara huɗu a jere, cewa duk mai bin Zubairu ya zo a biya shi. Bayan haka aka raba, kowane magaji ya sami rabo mai yawa. Abin lura shi ne uban ya san abin da ke kansa, ya kuma sanar da wanda zai tsaya bayansa tun yana raye.

Rabon gado hukuncin Allah ne, babu mai taɓa shi, kuma haƙƙin mata da marayu a cikinsa yake. Amma raba gado bai wajabta a yayyaga shago ba. Ana iya yi wa dukiyar kima, kowane magaji ya san kasonsa, waɗanda suka yarda su bar nasu a ciki a matsayin tarayya, ana ba su ribarsu kowace shekara, wanda ya so fita a biya shi. Wannan ba ya yiwuwa sai in maigida ya bar littafi bayyananne, ya kuma horar da wanda zai riƙe ragamar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

KAMMALAWA

Ya ku ƴan'uwa, muna roƙon kowane mai shago da ya karanta wannan darasi, ko aka karanta masa, ya yi abu uku kafin Juma'a huɗu su wuce: ya sayi littafi ya rubuta duk wanda yake bi da duk mai binsa, ya tsai da watan da zai riƙa lissafin zakkarsa, ya nemi malami ya zauna da shi a karon farko, ya kira babban ɗansa ko amintaccen yaronsa ya nuna masa inda littafin yake. Limamai kuma muna roƙonsu su sa babin ciniki da na ƙirali cikin karatun da ake yi tsakanin Magariba da Isha'i, domin jama'a suna bukatarsa kamar yadda suke bukatar babin tsarki. In kuma aka kira sallar Juma'a, a rufe shago a taho, kamar yadda Suratul Jumu'a ta yi umurni. Bayan an sallame kasuwa tana nan.

Allah Ya sa albarka a cikin neman da muke yi, Ya tsare kasuwanninmu daga gobara da hasara, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya mayar wa waɗanda suka karye da mafificin alheri, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, Shi ne Mafi sani.